Yadda Za Ka Auna Ƙarfen Bayan Haƙori da Sauran Hanyoyin Gyara Marasa Fitowa Fili

Yawancin manyan mutane da ke son daidaita haƙoransu abu guda ne yake riƙe su, wato ba sa son a gan su da ƙarfe a baki a wurin aiki ko a gaban jama'a. Likitocin daidaita haƙora suna da hanyoyi uku ga mai irin wannan damuwa. Akwai ƙarfen da ake liƙawa a bayan haƙora, ta ɓangaren harshe, wanda a asibiti za ka ji ana ce masa lingwal. Akwai murfin roba mai garai-garai da ake sawa ana cirewa, irin Invisalign. Sannan akwai maɓallan tangaran masu launin haƙori da ake liƙawa ta gaba. Na farkon ne ya fi ɗaukar hankali, domin shi kaɗai ne ba a ganinsa sam, ko da mutum ya yi dariya a gaban kyamara. Amma abin da ya ɓoye wa ido yakan bayyana shi a magana, kuma yakan ɗaure mutum ga likita guda na tsawon shekara biyu ko fiye. Saboda haka ya kamata a yi awon da kyau kafin a biya kuɗi.

Dabarar ƙarfen baya ta samo asali ne a shekarun 1970, lokacin da likitoci biyu suka yi aiki a kanta kowa da kansa, Craven Kurz a Amurka da Kinya Fujita a Japan. Fujita yana neman kare leɓɓan masu wasannin faɗa ne daga yankan ƙarfe idan an buge su a baki, shi kuwa Kurz yana aiki a Beverly Hills inda jama'a ke matuƙar kula da kamanni. A farkon shekarun 2000 Dirk Wiechmann a Jamus ya fito da tsarin Incognito, wanda ake ƙera kowane maɓalli daidai da bayan kowane haƙori na mutum guda, kuma kamfanin 3M ya saye shi a 2008. Wannan tsari ya rage kaurin maɓallan ya kuma inganta sakamako, amma bai kawar da matsalolin da ke tasowa daga wurin da ƙarfen yake zaune ba.

Fara da harshenka da sana'arka

Mataki na farko shi ne ka tambayi kanka nawa ne daga cikin aikinka ya dogara da furuci mai tsabta. Bayan haƙoran gaba na sama shi ne ainihin wurin aikin tsinin harshe. A nan, a hanƙa, wato tudun da ke bayan haƙoran gaba na sama, ko daf da ita, ake furta s da z da ts da t da d da n da l, haka kuma ra-gare, wato r mai garawa, tana buƙatar tsinin harshe ya sami wuri mai santsi da zai kaɗa a kai. Idan aka jera maɓallai shida da wayar ƙarfen da ke haɗa su a daidai wannan wuri, harshe yakan ci karo da abu kafin ya isa inda ya saba, iska kuma takan bi ta tsakanin maɓallan ta fita da wata ƙara. Sakamakon shi ne tsamin baki, wanda ya fi fitowa a kan s da z. Hausa tana amfani da waɗannan sautuka ƙwarai, har da wuya a yi jimla guda ba tare da su ba.

Mafi yawan mutane sukan saba cikin 'yan makonni, wasu kuwa sai sun yi watanni, kuma akwai waɗanda ɗan sauyin yakan zauna musu har ranar da za a cire ƙarfen. Babu likitan da zai iya yi maka alkawarin rukunin da za ka faɗa. Malamin makaranta, da lauya, da mai gabatar da shiri a rediyo, da mai amsa wayar abokan ciniki, duk ya kamata su ɗauki wannan da muhimmanci fiye da batun gani, domin mai sauraron rediyo ba ya ganin haƙori, muryar kawai yake ji. Lamarin ya fi nauyi ga limami da alaramma da duk mai koyar da tajwidi. Mafitar sinun da sadun da zayun tana tsakanin tsinin harshe ne da haƙoran gaba, ta'un da dalun kuma suna fita daga tushen haƙoran gaba na sama, wato daidai inda maɓallan za su zauna. Wanda zai ja baƙi a tafsiri ko ya jagoranci tarawihi bai kamata ya sa irin wannan ƙarfe daf da azumi ba, kuma a ganina gara ya fara duba sauran hanyoyin biyu tukuna.

Murfin roba ma yakan kawo ɗan tsamin baki a kwanakin farko, amma siriri ne, harshe yakan saba da shi da wuri, kuma ana iya cire shi na awa guda idan za a yi jawabi. Maɓallan tangaran kuwa kusan ba sa taɓa furuci, domin suna gefen leɓe ne.

Bayan magana akwai ciwo. Ƙarfen gaba yakan goge leɓe da cikin kunci, na baya kuwa harshe yake gogewa, kuma harshe ba ya hutawa: yana motsi a magana, da tauna, da kowace haɗiyar yawu. A makonnin farko gefensa yakan yi ja, wani lokaci ya yi 'yan gyambuna, abinci mai yaji ko tsami ya zama abin gudu. Na haƙoran ƙasa ya fi takurawa saboda wurin ya fi ƙunci.

Bari likita ya duba ko bakinka ya dace

Ba kowane baki ne yake karɓar wannan ƙarfe ba, kuma wannan hukunci ne na likita bayan ya duba ya ɗauki hoton ƙashi. Akwai abubuwa uku da ya kamata ka ji ya yi magana a kansu. Na farko tsawon haƙora ta baya: idan gajeru ne, ko dasashi ya rufe yawancinsu, maɓalli ba zai sami wurin kamawa sosai ba, sai ya riƙa ɓallewa. Na biyu yanayin cizo. Idan haƙoran sama suna rufe na ƙasa sosai, na ƙasan za su riƙa dukan maɓallan sama duk lokacin da aka rufe baki. Wannan yakan hana turame haɗuwa na wani lokaci, tauna ta yi wuya, ko kuma likita ya ɗora wani abu a kan turamen don ya ɗaga cizon. Likitoci sukan amfana da wannan wajen gyara cizo mai zurfi, amma mai ƙarfen ne zai yi makonni yana cin abinci mai laushi. Na uku lafiyar dasashi, domin wanda dasashinsa yake zubar da jini ko ya fara janyewa sai an yi masa magani kafin a fara kowace irin hanya.

Idan abin da ke damunka ɗan cunkoso ne a haƙoran gaba ko 'yar tazara, to da wuya ka buƙaci hanya mafi tsada da wahala. Kuma idan kana da wushirya kana son a bar maka ita, ka faɗa tun ranar farko, domin tsarin da ake zanawa a kwamfuta yakan nufi rufe duk wata tazara idan ba a ce a bari ba.

Tsabta a wurin da ba ka gani

Wannan ne ɓangaren da mutane suka fi rainawa. Mai ƙarfen gaba yana tsayawa gaban madubi ya ga abincin da ya maƙale ya cire. Mai ƙarfen baya yana goge wurin da ba ya gani, da hannu a karkace. Tazarar da ke tsakanin maɓalli da maɓalli ta fi ƙanƙanta a baya saboda da'irar ciki ta fi ta waje ƙunci, kuma maɓallan suna zama kusa da dasashi, don haka dauɗa takan taru ta kumbura shi. Bayan haƙoran gaba na ƙasa kuwa dama can shi ne inda dattin da ke daskarewa ya fi taruwa ga kowa, saboda bututun yawu suna buɗewa a ƙarƙashin harshe a daidai wurin. Ƙara ƙarfe a nan yana nufin sai an riƙa zuwa wankin haƙori a asibiti a kai a kai.

Asuwaki shi kaɗai ba zai wadatar ba, domin ba ya lanƙwasa ya shiga ƙarƙashin waya ta baya, kuma zarurrukansa sukan maƙale. Za ka buƙaci buroshi mai ƙaramin kai, da ɗan siririn buroshin da ke shiga tsakanin haƙora, da zaren sakace mai taurin baki da ake zurawa ta ƙarƙashin waya, da man goge baki mai sinadarin fuloraid. Na'urar fesa ruwa tsakanin haƙora tana taimakawa ƙwarai ga mai hali. Ka ƙiyasta cewa gogewar dare za ta riƙa cin lokaci fiye da yadda ka saba, kowace rana har ƙarshen gyaran.

Adalci ne a faɗi cewa a nan ƙarfen baya yana da wata fa'ida ta gaske. Fararen tabban da ƙarfe kan bari a fuskar haƙori idan ba a kula da tsabta ba sun fi ƙaranci a ɓangaren harshe, saboda yawu yana wanke wurin, kuma ko sun fito ba a ganinsu. Amma murfin roba ya fi su duka sauƙi ta wannan fuska, tunda cire shi ake yi a goge baki kamar kullum.

Abinci kuwa dokarsa ɗaya ce ga duk ƙarfen da aka liƙa, gaba ko baya: ban da gatsar rake, da goruba, da ƙuli-ƙuli, da aya busasshiya, da ƙashi, da alewa mai danƙo, kilishi da tsire kuma sai an yayyanka su ƙanana. Bambancin yana cikin abin da zai biyo baya idan maɓalli ya ɓalle.

Lissafa nisa da kuɗi tare

Likitan daidaita haƙora ƙwararre ne da ya yi ƙarin horo bayan karatun likitan haƙori, kuma a cikinsu ma kaɗan ne suke aiki da ƙarfen baya a kai a kai. Aikin yana da wuya: likita ba ya ganin wurin kai tsaye, ƙaramar tazarar maɓallai tana sa waya ta yi tauri, kuma ɗan kuskure a wurin zaman maɓalli yakan karkatar da haƙori fiye da yadda zai yi ta gaba. Shi ya sa ba a liƙa su ɗaya bayan ɗaya da ido, sai dai a jera su a wani mazubi da aka shirya a ɗakin ƙira a ɗora gaba ɗaya. Kowace ziyara takan fi ta ƙarfen gaba tsawo, ana kuma komawa kusan duk mako 4 zuwa 8.

Ka yi tunanin ranar da maɓalli zai ɓalle ko waya ta zame ta soki harshe. Idan ƙarfen gaba ne, kusan kowane likitan daidaita haƙora yana da madadinsa a aljihun tebur. Idan na baya ne da aka ƙera don haƙorinka kaɗai kuma ya ɓata, sai an sake yin odarsa daga inda aka ƙera shi, wanda sau da yawa wata ƙasa ce, gyaran wannan haƙori kuma ya tsaya har ya iso. Wannan batu yana da nauyi ga mai zaune a Najeriya ko Nijar, inda ƙwararrun ba su da yawa kuma sun fi taruwa a manyan birane da asibitocin koyarwa. Ya fi nauyi ga wanda yake tunanin a sa masa a Alƙahira ko Dubai ko Indiya yayin wata tafiya ya dawo gida da shi. Ƙarfen haƙori ba aikin zama ɗaya ba ne, kuma wanda ya dawo da tsarin da babu mai kayan aikinsa a garinsu ya sa kansa cikin wahala. Kafin ka yarda, ka san sunan wanda zai duba ka idan likitanka ya yi tafiya, da kuma wanda zai karɓe ka idan aiki ya mayar da kai wani gari.

Ta fuskar kuɗi, ƙarfen baya shi ne yawanci mafi tsada a cikin duka, kuma a wurare da dama yakan kusanci ninki biyu na ƙarfen gaba na yau da kullum. Dalilan a fili suke: ƙira ta musamman, wani lokaci da gaurayen zinariya, da tsawon lokacin likita, da ƙarancin masu yi. Inda ake shigo da kayan da kuɗin waje, farashin yana bin canji. Ka nemi a rubuta maka abin da kuɗin ya ƙunsa, musamman sauya maɓallin da ya ɓata, da ziyarar gaggawa, da abin riƙe haƙora na bayan gyara.

Gwada shi da murfin roba

Kamfanin Align Technology, wanda aka kafa a 1997, shi ne ya yaɗa wannan hanya da Invisalign, yanzu kuma akwai kamfanoni da yawa masu yin irinsa. Ana ba mutum jerin murafu, kowanne yana matsar da haƙori kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na milimita, ana sauyawa duk mako ɗaya ko biyu. Ya fi ƙarfen baya sauƙi ga harshe, da tsabta, da cin abinci, kuma gaggawarsa kaɗan ce. Sharaɗinsa shi ne a sa shi awa 20 zuwa 22 a rana. A nan ne ya kamata mutum ya yi wa kansa gaskiya. Wanda yake shan shayi sau da yawa a yini, ko yake cin goro, ko aikinsa ya ƙunshi yawan ciye-ciye da baƙi, zai riƙa cirewa yana mantawa, domin ba a cin komai da shi kuma ba a shan komai sai ruwa: abu mai zafi yana lanƙwasa robar, mai zaƙi kuma yana kwanciya tsakaninta da haƙori. Idan awannin suka ragu, haƙora ba za su bi tsarin ba, murfi na gaba ya ƙi zama.

Kuma ba ɓoyayye ba ne ɗari bisa ɗari. Yawanci ana liƙa wasu ƙananan ƙulle-ƙulle masu launin haƙori a fuskar wasu haƙora don robar ta sami abin kamawa, wanda ya matso kusa zai lura. Ƙarfinsa kuma yana da iyaka: juya haƙori mai siffar da'ira kamar fiƙa, da jawo haƙori ya ƙara fitowa, da rufe babban gurbin da aka cire haƙori tare da matsar da saiwa, duk sun fi tabbas da ƙarfen da aka liƙa. Wannan ne wurin da ƙarfen baya yake da hujja ta gaske: matsala mai wuya, ga mutumin da lalle ba zai yarda a ga komai ba, ko wanda ya san ba zai iya riƙe dokar awa 22 ba.

Ka guji murfin da ake aikowa ta saƙo ba tare da likita ya duba bakinka da hoton ƙashi ba. Kamfanin SmileDirectClub, wanda ya fi kowa suna a wannan harka, ya rufe a watan Disamba na 2023 ya bar abokan cinikinsa a tsakiyar gyara.

Gwada shi da maɓallan tangaran

Wannan ita ce hanyar da aka fi mantawa da ita, alhali ga mutane da yawa ita ce mafi dacewa. Sun fito a tsakiyar shekarun 1980, ana yin su da wani sinadarin alminiyam mai tauri, launinsu ya yi kusa da na haƙori. Suna aiki kamar ƙarfen gaba, kowane likitan daidaita haƙora ya iya su, kuɗinsu ya fi na ƙarfe kaɗan amma bai kai na baya ba, harshe kuma yana nan lafiya. Ana ganinsu daga kusa, musamman wayar. 'Yan robobin da ke riƙe wayar sukan rine da shayi da manja da kori da goro, sai dai ana sauya su a kowace ziyara. Sun fi ƙarfe saurin fashewa, kuma sun fi fatar haƙori tauri, don haka likita yakan guji sa su a ƙasa idan haƙoran sama za su riƙa cizonsu.

Akwai kuma haɗi da ya kamata ka tambaya a kansa. Tunda haƙoran sama ne suka fi fitowa a murmushi, ana iya sa ƙarfen baya a sama kawai, a sa na gaba a ƙasa, wanda yake rage kuɗi da ciwon harshe, ko da yake bai magance tsamin baki ba, domin na saman ne yake kawo shi. Ga ƙaramin gyara kuma ana iya sa na baya a haƙoran gaba shida kaɗai.

Ranar ganin likita da bayanta

Ka tabbatar likitan ƙwararre ne a daidaita haƙora kuma yana da rajista, wadda a Najeriya take hannun hukumar MDCN mai kula da likitoci da likitocin haƙori. Ka tambaye shi mutum nawa ya kammala wa gyara da ƙarfen baya, ka nemi ganin hotunan aikin da ya yi a baki mai kama da naka. Tambaya mafi amfani ita ce: da wace hanya sakamakon zai fi kyau a bakina, kuma me zan rasa idan na zaɓi wata? Likitan da yake yin duka hanyoyin uku ya fi iya ba ka amsa marar son rai. Ka tambayi abin riƙewa kuma, domin kowace hanya ka bi haƙora suna ƙoƙarin komawa inda suka fito, sai an riƙe su da siririyar waya da ake liƙawa a baya ko murfin da ake kwana da shi, na shekaru masu yawa.

Idan bayan duk wannan ƙarfen baya ka zaɓa, ka sa ranar liƙawa ta faɗo a farkon hutu, nesa da biki ko jarrabawar baki ko wani muhimmin jawabi. Ka roƙi a fara da muƙamuƙi ɗaya, a bar ɗayan sai bayan 'yan makonni, don harshe ya saba a hankali. Ka karɓi kakin da ake shafawa a kan maɓallan da ke gogar harshe, ka busar da wurin kafin ka liƙa shi don ya kama. Ka riƙa kuskure baki da ruwan ɗumi mai ɗan gishiri, ka tanadi kunu da fate da tuwo mai laushi da ƙwai na makon farko, ka rage yaji. Karatu da ƙarfi na minti 15 zuwa 20 kowace rana yana hanzarta dawowar furuci, kuma ya fi kyau ka zaɓi rubutu mai yawan s da ts da r ka karanta a hankali, ka naɗi muryarka a waya don ka ji inda ya rage. Idan gyambon harshe ya wuce mako biyu bai warke ba, ko dasashi ya kumbura yana zubar da jini duk da gogewa, ko ka ji maɓalli yana motsi, ka koma asibiti ba tare da jiran ranar da aka ba ka ba, kuma idan maɓallin ya fito gaba ɗaya ka adana shi ka tafi da shi, domin sau da yawa ana iya sake liƙa shi maimakon a jira sabo.